Keken tura kare ko kyanwa: wane iri ne zai jure yashi da zafin Damagaram?

Lawali (mai kula da zaure):
Assalamu alaikum ƴan uwa. Tambaya ce ta yi ta shigowa ta akwatin saƙo, na ga gara a kawo ta fili. Wata baiwar Allah tana da tsohon karen gadi mai kilo 22 da ƙafafunsa na baya suka yi rauni, ga kuma kyanwa da ake kai wa allura. Ta ga hoton keken tura dabbobi a Facebook, irin mai yadi da raga da ƙananan tayoyi huɗu, tana son a kawo mata daga Kano. Zai yi aiki a garin nan? In ba zai yi ba, mece ce mafita? Masana, bismillah.

Malam Isuhu mai walda:
Wa alaikumus salam. Kafin a duba kyan yadi, a duba taya. Irin waɗannan kekuna don daɓen siminti da kwalta mai santsi aka ƙera su. Tayar gaba galibi ba ta wuce santimita 15 ba, ta baya 18 ko 20, kuma busasshiyar roba ce ko soso mai tauri. Ƙaramar taya in ta shiga yashi ba ta hawa kansa, tura shi take yi har ya taru a gabanta ya tsayar da ita. Mai turi sai ya ƙara ƙarfi, ƙarfin kuma duk a wuyan tayar gaba yake ƙarewa, wurin nan da take juyawa, wanda roba ce da ƙusa guda. Nan ne farkon karyewa. Da ka sauka daga kwalta ka shiga unguwa, Garin Malam ne ko Karkada ko Sabon Gari, yashi za ka tarar. A Birni kuma ga dutse ga lungu. Ku dubi kurar ƴan ga-ruwa, da duk nauyin jarkokin da ke kanta tana ratsa yashin nan, don tayarta babba ce. Ƙasa da inci 12, wato santimita 30, ba na ba da shawara. Inci 16 ko 20 na keken yara shi ne daidai.

Alhaji Mamman ɗan kasuwa:
Malam Isuhu, kada a yi wa na kanti kuɗin goro. Iri uku ne. Akwai mai ƙananan tayoyi da ka faɗa, na yarda ba na nan ba ne. Akwai mai taya uku ta iska, ta gaba inci 12, na baya 12 ko 16, wanda aka yi don masu gudu da karnukansu. Akwai kuma wanda ake ɗaura wa keke a ja, a cire sandar ja a sa hannun turi. Biyun ƙarshe suna shiga yashi daidai gwargwado, suna naɗewa su shiga bayan mota ko adaidaita, kuma sun fi na walda sauƙin ɗauka nesa ba kusa ba.

Abin da ke cutar masu saye shi ne rubutun nauyi. Sau da yawa ba da kilo ake rubutawa ba, da awon Amurka ne, za ka ga lbs bayan lambar. Guda ɗaya kilo 0,45 ne. Mai 33 kilo 15 ke nan, mai 50 kuma bai kai kilo 23 ba. Mutum ya ga 50 ya ɗauka ya samu na babban kare, alhali karen kilo 22 ya riga ya cinye iyakar. A bar ratar aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu, domin awon nasu na kan hanya mai laushi ne, ba na gargada ba. Kare mai kilo 22 a nema masa mai ɗaukar 30.

Dokta Hadiza (likitar dabbobi):
Sannunku da ƙoƙari. Abu biyu zan gabatar kafin maganar ƙarfe.

Na farko, raunin ƙafafun baya ba duka ne na tsufa ba. In ya zo a hankali cikin watanni, kare yana ci yana sha yana gane mutanen gida, to ciwon gaɓɓai ko na baya ake zato. Amma in cikin ƴan kwanaki ya zo, tare da dalalar miyau, ko haɓa ta saki, ko murya ta sauya, ko hali ya juya, to kada kowa ya ɗauke shi ya sa a keke. Haukar kare tana da nau'in da ba ya zuwa da hargagi, shanyewa kawai yake yi. A kulle shi, a nisanta yara, a kira ma'aikatan kiwo su zo gida. Wanda aka ciza ko aka yakusa ya wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15 cur, ya tafi asibiti a ranar, ba sai gobe ba.

Na biyu, kare da kyanwa ba abin hawa ɗaya suke buƙata ba, kuma ba a haɗa su ciki ɗaya ko da sun saba a tsakar gida. Kare wurin kwanciya yake so da iska. Kyanwa in ta tsorata mafita take nema, kuma tana samu.

Hajiya Rabi:
Dokta ta faɗi gaskiya. Ragar da ke jikin kekunan yadi ta zare ce, farcen kyanwa yana yaga ta cikin minti kaɗan. Zif kuma tana cusa hanci ko dantse a inda kawunansa biyu suka haɗu, ta tura su su rabu. Kyanwar da ta kuɓuce a bakin titi, cikin ƙarar babura, da wuya a sake ganin ta. Don haka ga kyanwa akwatin roba mai tauri ake nema, mai ƙofar ƙarfe, mai ramukan iska a gefe uku, in da hali wanda samansa ke buɗewa ko ake cire rabinsa na sama.  Kyanwar gida mai kilo 3 zuwa 5, akwati mai kusan santimita 48 a tsawo, 32 a faɗi, 30 a tsaye ya ishe ta. Wanda ya fi haka girma ba gata ba ne, zamewa za ta yi ta yi tana bugun bango duk lokacin da aka yi kwana.

In ana son taya, sai a ɗora akwatin kan abin turi a ɗaure shi da igiya biyu a giciye. Ko tsohon keken jarirai na gwanjo ya yi, muddin tayarsa manya ce kuma bayansa na kwantawa ya miƙe.

Sani ɗalibi:
Hajiya, jakar goyo fa, irin mai tagar roba kamar ƙwallo da ake gani a hotuna? Ba ta fi sauƙi ba a kan kabu-kabu?

Hajiya Rabi:
A'a ɗana, ka bar ta. Tagar nan rana take tarawa, ramukan iskar ƙanana ne, ga zafin bayan mai goyo. A bazararmu wannan haɗari ne sosai. Kan babur kuma, akwatin ya zauna tsakanin mai tuƙi da mai riƙo, a kan cinya, ba a bayan babur kusa da salansa ba.

Malam Habu:
Ni fa da tambaya. Mutane na fama da tsadar hatsi da ruwa, a ce za a kashe kuɗi a kan keken kare? Baro bai isa ba?

Malam Nuhu:
Malam Habu, tambayarka a kan hanya take, almubazzaranci ba kyau. Sai dai dabbar da mutum ya ajiye amana ce a wuyansa. Hadisi ya inganta a kan matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci, da mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishi. Karen da ya yi shekaru yana tsaron garke ko gona, in ya gaza, kai shi wurin magani ba tare da an ƙara masa ciwo ba yana cikin haƙƙinsa. Da me za a kai shi, wannan kuma na masu sana'a ne.

Dokta Hadiza:
Baro yana fid da mutum kunya in tafiya ɗaya ce kuma ba wani abu a kusa, amma yana da aibi uku. Tayarsa ɗaya ce, in kare ya motsa sai ya karkata. Cikinsa kwano ne mai gangare, bayan dabba lanƙwashewa yake yi, wanda kuwa ake zargin karaya a ƙashin bayansa wannan na iya shanye shi gaba ɗaya. Sannan ƙarfe ne, in ya sha rana ƙuna yake yi. In dole ce, a gitta faffaɗan katako a samansa, a shimfiɗa bargo, a jawo karen kan katakon a kwance ba tare da an naɗe shi ba, a ɗaure shi da zane a kafaɗa da ƙugu, mutum na biyu ya bi gefe yana riƙe. Kare mai jin ciwo yana cizon mai shi, don haka a sa takunkumi lokacin ɗagawa, a kwance shi da zarar ya kwanta domin ya samu yin haki. Wanda ke amai ko numfashi ke yi masa wuya ba a sa masa takunkumi sam.

Ga yadda ake awo, na kanti za a saya ko ƙerawa za a yi. A auna daga hanci zuwa gindin wutsiya, a ƙara rabin tsawon ƙafar gaba daga ƙasa zuwa gwiwa: tsawon ɗakin keken ke nan, wato inda karen zai kwanta. Faɗin kafaɗu sau biyu shi ne faɗinsa. Tsayi kuma daga ƙasa zuwa saman kai ko kunne yana tsaye, a ƙara santimita 5. Misali jiki 85, ƙafa 32, kafaɗa 24: ɗaki mai 101 da 48, sai a ce 100 da 50. Karnukan farauta masu dogayen ƙafafu irin na Azawak sukan kai santimita 60 zuwa 74 a kafaɗa alhali nauyinsu bai wuce kilo 25 ba. Su nauyi ba ya hana su shiga na kanti, tsayi ne ke hanawa. Awon nauyi kuma, mutum ya hau sikeli da karen a hannu, ya sake hawa shi kaɗai, a debe.

Malam Isuhu mai walda:
To ga ƙira a kan awon Dokta, 100 da 50.

Gindi da hannun turi: bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, milimita 20 da 20, kaurin milimita 1,5. Sanda ɗaya mai mita 6 ta kusa isa, nauyinta kilo 5 da ɗan ɗori. A yi firam, a gitta ƙarfe biyu a ciki don kada katako ya lotsa. Sama kuma ba ya son nauyi, rodi mai milimita 8 ya isa a yi ginshiƙai da rufi. Bene filawud mai milimita 10, a ɗaure shi da noti huɗu, kada a manne, domin a riƙa cire shi ana wankewa.

Inda aiki yake shi ne wurin taya. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauko tayar keke a walda ƙarfenta ta gefe ɗaya a jikin firam. Wannan ƙarfen siriri ne, an yi shi ne a riƙe shi ta gefe biyu kamar yadda yake a cokalin keke. In aka riƙe shi ta gefe guda lanƙwashewa yake yi, taya ta kwanta ciki tana gugar jiki. Sai a yi wa kowace taya ƙarfe biyu, na ciki da na waje, ta zauna a tsakani, a walda ƴan faranti masu tsaga a ɗaure da notinta na asali. Haka kuma in ta yi faci ana cire ta cikin sauƙi.

Bene ya sauka ƙasa da tsakiyar taya. Tayar inci 20 tsakiyarta tana kusan santimita 25 daga ƙasa, to bene ya tsaya a 16 zuwa 18. Ƙasa da haka zai riƙa tokarar dutse da tudun yashi, sama da haka keken zai yi saurin kifewa kuma tsohon kare ba zai iya hawa ba. Manyan tayoyin su zauna bayan tsakiya kaɗan, kamar santimita 60 daga gaba. In suka yi gaba da yawa, kare na ja da baya keken zai ɗaga kai ya faɗi ta wajen mai turi. In suka yi baya da yawa, nauyi ya koma kan tayar gaba ta nutse. Tayar gaba inci 12, a kafe ta kada ta riƙa juyawa; in za a yi kwana sai a danna hannu a ɗaga gaban kaɗan. Hannun turi santimita 95 zuwa 105 daga ƙasa, gwargwadon tsayin mai turawa. Ƙofa a baya ko a gaba, mai faɗin ɗakin duka, mai sauka ƙasa ta zama matakala. Duka-duka zai kai kilo 16 zuwa 18.

Kada a manta a auna ƙofar zaure. Da tayoyi faɗin zai kai 72 zuwa 75, ƙofofin tsofaffin gidaje da yawa kuma ba su kai haka ba.

Ibro mai gyaran keke:
Baba Isuhu, a ƙara da daidaita tayoyin kafin a ƙarasa walda. A auna tazarar da ke tsakaninsu ta gaba da ta baya da zare. In bambancin ya wuce milimita 3, keken zai riƙa ja gefe guda yana cin taya.

Sai ƙaya. Tsidau shi ne babban abokin gabar tub a garin nan, musamman bayan damina in ya bushe, ga ta aduwa a bayan gari. Maganinsa: a samu tsohuwar taya mai awo ɗaya, a yanke bakunanta masu waya, a shimfiɗa bayan a cikin sabuwar kafin a sa tub. Ko a tsaga tsohon tub a lulluɓe sabon. Tayar da ba ta da iska ba ta faci, gaskiya ne, amma duk gargada a jikin dabbar take sauka, mai ciwon gaɓɓai kuwa shi zai sha wuya. Iska kada a cika ta tam. A yashi taya mai ɗan laushi ta fi shimfiɗuwa ta hau, kuma wadda aka cika aka bari a rana tana iya fashewa.

Boris kuma, giris da yashi in suka haɗu gugar ƙarfe suke yi. A sa giris a ciki, a goge na waje tas. Wanda ya sayi na kanti ya cire taya ya duba lambar boris, yawanci 608 ne ko 6000 ko 6001, ya nemi mai 2RS a ƙarshe, shi ne mai murfin roba gefe biyu. Zif ba a sa masa mai, ƙura yake kamawa. A goge shi da tsohon buroshi a shafa kyandir.

Alhaji Mamman ɗan kasuwa:
Birki fa? Na kanti yana da na ƙafa. Na walda in an tsaya a gangaren Birni me zai riƙe shi?

Ibro mai gyaran keke:
Alhaji, birkin keke na hannu ana ɗaura shi a taya ɗaya, a sa zoben roba da zai riƙe hannun birkin in an tsaya. Mafi sauƙi kuma igiya daga hannun turi zuwa wuyan hannun mai turawa, da ɗan katako na tokare taya.

Dokta Hadiza:
Saura zafi, wanda a wurina ya fi taya muhimmanci. A Afrilu da Mayu garin nan yana wuce digiri 40 a inuwa. Zafin jikin kare da kyanwa na lafiya yana tsakanin 38 da 39 da ɗan ɗori, in ya haura 41 kuwa gaɓoɓin ciki sun fara lalacewa. Ba sa zufa irin tamu, sai kaɗan a tafin ƙafa. Kare da haki yake sanyaya jikinsa, hakin kuma ba ya amfani in iskar ɗakin ba ta sauyawa. Kekunan kanti da yawa baƙin yadi ne ko shuɗi mai duhu, wasu har da labulen leda na ruwan sama. Wannan labulen a cire shi a ajiye.

Abin da ake so: gefe uku a buɗe da raga, rufi mai haske da tazarar kamar tafin hannu tsakaninsa da kan dabbar. Tabarmar kaba ta fi tamfol, ta fi kwano nesa. A lokacin zafi mai bushewa ana iya jiƙa buhun algarara a shimfiɗa a kan rufin kawai, gefuna a bar su, iska na bi ta jikinsa tana sanyi. Kada a lulluɓe dabbar da jiƙaƙƙen tsumma, riƙe zafi yake yi. A fita kafin ƙarfe 9 na safe ko bayan la'asar sakaliya, da gorar ruwa da ɗan kwano. Abinci a dakatar awa 3 zuwa 4 kafin tafiya saboda amai, ruwa kuwa ba a hanawa.

Alamun haɗari: haki mai tsanani da ba ya lafawa, harshe ja wur, miyau mai kauri, tangaɗi. Kyanwa kuwa da zarar ta buɗe baki tana haki, an riga an shiga matsala. A tsaya a inuwa, a zuba wa jiki ruwan randa, a yi fifita, sannan a wuce wurin likita.

Sani ɗalibi:
Dokta, ba za a ba su wani magani su yi barci a hanya ba? Ko na ciwo ga tsohon karen?

Dokta Hadiza:
Kada a ba da komai sai likita ya rubuta. Maganin barci yana sa ƙarfin gudun jini ya yi ƙasa yana kuma rage wa jiki ikon daidaita zafi. Farasitamol yana kashe kyanwa, ko ƙwaya ɗaya ce. Ibuprofen da diclofenac na mutane suna huda cikin kare su lalata ƙoda. Abin da ke kwantar da dabba sabo ne. A ajiye akwatin ko keken a tsakar gida a buɗe mako ɗaya ko biyu, ana sa abinci a bakinsa, sannan a ciki, sannan a rufe minti biyu, sannan a ɗan tura a cikin gida.

A ciki kuma kare a ɗaure shi da ɗamarar ƙirji, ba da abin wuya ba, igiyar gajera yadda ba zai kai baki ya yi tsalle ba. Wanda aka ɗaure ta wuya in ya dira waje rataye kansa yake yi.

Hajiya Rabi:
Malam Isuhu, in za a yi wa kyanwa na walda, wace raga?

Malam Isuhu mai walda:
Hajiya, ragar waya mai ido mai kusurwa huɗu, wadda aka walda mahaɗanta, ido bai wuce santimita 2,5 ba. In da ƴan kyanwa ne, mai 1,3. Ragar kaji mai ido mai kusurwa shida ba ta yi, tana buɗewa tana yankan tafi. Bakin waya duk a lanƙwasa shi waje ko a rufe da tsagaggen tiyo, a goge duk tsinin walda da dutsen guga. Sakata biyu a ƙofa, sama da ƙasa, don kyanwa tana tura kusurwar da ba a kulle ba ta matse ta fita. Fenti fari, a bar shi kwana 5 zuwa 7 a iska har wari ya tafi.

Dokta Hadiza:
Shimfiɗa kuma kada a sa soso tsirara, yana shan fitsari yana ɓoye ƙuma da kaska. A sa masa rigar leda mai kauri, a ɗora tsohon zane ko tawul da za a riƙa wankewa, a ƙasa kuma guntun roba don kada ya zame. Bayan kowace tafiya asibiti a fara wankewa da sabulu, sannan ruwan jabel, wato bilic na farar da tufafi: mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari, mililita 30 a lita ɗaya ta ruwa, a bar shi minti 10, a ɗauraye a shanya. Wannan awon yana kashe ƙwayar cutar gudawar jini ta ƴan kwikwiyo, wadda ke daɗewa a jikin kaya watanni. Magungunan wanke ƙasa masu warin kwalta da ke mai da ruwa fari kamar madara, kada su kusanci akwatin kyanwa, guba ne a gare ta, tana taka su ta lashe ƙafa. Haka maganin kaska na karnuka mai sinadarin permethrin.

Lawali (mai kula da zaure):
Mai tambayar ta turo awo: jiki 82, ƙafa 30, kafaɗa 23, tsayi 66, ƙofar zaurensu kuma 70. Allurar hauka ta bana an yi masa, raunin kuma ya kai wata takwas yana ƙaruwa a hankali.

Malam Isuhu mai walda:
To ɗaki 97 da 46, tsayi 71. Da tayar inci 20 mai ƙarfe biyu faɗin zai kai 70, ba zai wuce ƙofar ba. Ƙarfen waje na kowace taya a yi shi da falalen ƙarfe mai kaurin milimita 5 maimakon bututu, a kuma yanke rarar tsinin da ya fito bayan noti, za a tsaya a 66 ko 67. Ta kai wa mai walda tayoyin tun kafin ya yanka ƙarfe, ya auna a jikinsu, don cibiyar tayoyin yara ba faɗinta ɗaya ba.